Kuɗin Kallo Naka Ne, Kunnen Kuwa Na Yaro

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki, don haka bari in rage muku aiki. "Mutane na fama da na cefane, shi kuma wannan ya zo mana da zancen yadda za a lallaɓa yaro ya kalli wasan tartsatsin wuta a Amurka." To, na ji. Amma ku ɗin nan masu taɓe baki, su wa suka cika mana waya da hotuna a hutun da ya wuce, babba da yaro kowa da hular kunnen ɓera a ka, an rubuta a ƙasa wai ana Orlando ana godiya ga Allah? Wanda bai je ba yana da ƙane a can da ke shirin kai nasa. Wanda ba shi da ƙane yana tara na Dubai. Wanda ba shi da ko ɗaya kuma yana da maƙwabci mai 'ya'ya bakwai da kwalin nokawut. Ku gyara zama kawai, zancen ya shafi kowa.

Wurin da nake nufi shi ne Magic Kingdom, babban dandalin nishaɗin Disney da ke kusa da Orlando a jihar Fulorida, wanda aka buɗe a 1971. A tsakiyarsa akwai fadar Cinderella mai tsawon ƙafa 189, kuma kusan kowane dare ana rufe yini da wasan wuta a samanta. Wanda ake kira Happily Ever After an fara shi a 2017, aka ɗauke shi na ɗan lokaci, aka dawo da shi a 2023. Tsawonsa kamar minti 18 ne.

Tun da sauran awa guda mutane ke kama wuri a gaban fadar. A cikinsu akwai wani ɗan shekara uku da ya yini yana takawa cikin zafi, ya sha askirim har ya ɓata gaban riga, bai yi barcin rana ba. Sai a rage fitilu. Kiɗa ya tashi a hankali, jikin fadar ya fara sauya launi, yaro ya saki baki yana kallo. Can sai dum! Ƙarar ba ta tsayawa a kunne, har a ƙirji ake jin ta, kamar an sauke taɓarya a turmi. Manya su ce "kai!" su ɗaga wayoyi. Shi kuwa ya sa tafuka biyu ya danne kunnuwa, ya cusa fuska cikin zanin uwarsa, jiki na ɓari. Ga mutane dubbai sun kewaye su ta ko'ina, babu ta inda za a ratsa, wasan kuma ko rabi bai kai ba.

A nan ne Alhaji yakan sunkuyo ya ce, "Kai, buɗe idonka! Ka san nawa na biya?" Ranka ya daɗe, bai sani ba, kuma ko ka gaya masa ba zai rage kukan ba. Ni na sani: tikitin yini ɗaya na babba a wurin ya haura dala 100 tun 2015. Sai dai idan yaron bai cika shekara uku ba, kyauta ya shiga, saboda haka ba ka bin sa bashin kallo ko na sisi.

Ga Kawu can yana gyaran murya. "Yaran zamani ke nan. Mu da aka ɗora mu a kafaɗa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, 'yan bindiga na sakin wuta, hayaƙi ya turnuƙe, dawakai na haniniya, ko gezau ba mu yi ba."

Na yarda, Kawu. Cewa na yi NA YARDA. Ka ga abin da nake faɗa ke nan. Rediyon da kake kunnawa da asuba, mutanen layi uku ne ke sauraren labarai da shi kyauta. Batun gezau kuma, ba kai za a tambaya ba, don mai shekara sittin ba shaida ba ne a kan abin da ya yi yana ɗan shekara huɗu. A tambayi Gwaggo, wadda ta goyo ka ta dawo da kai gida ranar. Ita ta wanke zanin.

Yanzu bari mu ɗan ajiye raha mu yi lissafi. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 kan hayaniya, ta yi maganar irin ƙarar da ke tashi farat ɗaya, ta bindiga da wasan wuta da wasu kayan wasan yara, ta ce iyakar babba desibel 140, ta yaro 120. Kada ka ga tazarar 20 ka raina ta. Ma'aunin ba ya tafiya ɗaya-biyu-uku: duk ƙarin 10 ninki goma ne na ƙarfi, ƙarin 20 kuwa ninki ɗari. Wasan wuta a kusa da inda ya fashe yana iya kaiwa 150 ko ya wuce. Ga shi kuma ramin kunnen ƙaramin yaro ya fi na babba ƙanƙanta, sai sauti ɗaya ya isa dodon kunnensa da matsin da ya fi wanda ya isa naka. Kuna tsaye wuri ɗaya, amma ba abu ɗaya kuke ji ba.

A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siririn gashi, kusan 16,000 a kowane kunne, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Wadda ta mutu ta mutu ke nan, ba ta sake tsirowa a jikin ɗan'adam. A jikin kaza tana tsirowa. Don haka duk mai alfahari da juriyar kunne ya sani, kazar da ke tsakar gidansa ta fi shi gata a wannan fanni.

Ba cewa nake dare ɗaya a gaban fada zai kurumtar da yaro ba. Manyan harbe-harben daga can bayan dandalin ake sakin su, da tazara tsakaninsu da 'yan kallo. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne firgita, ga wasu yaran kuma har da zafi na gaske. Akwai yaran da sautin da kai ba ka ma lura da shi ba yake sukar su, kuma hakan ya fi yawa a masu lalurar otizim, duk da cewa ba su kaɗai ba ne. Mafi yawansu dai lafiyarsu ƙalau, ƙuruciya ce kawai.

Na ji Hajiya ta ce, "Wane irin tsoron ƙara? Wannan da ke hana mu sakat a gida?" Madalla, Hajiya, kin zo inda nake so. Yaron nan da ya toshe kunne a Orlando shi ne ke samun murfin tukunya da ludayi ya buga rabin awa yana ƙyalƙyala dariya, ke kina neman maganin ciwon kai. Me ya bambanta? Ludayin a hannunsa yake. Ya san lokacin da ƙarar za ta zo, ya san in ya gaji zai daina. Wasan wuta kuwa ba ya sallama. Yanzu shiru, anjima dum, bai san na gaba yaushe ne ba, bai san ko abin na da ƙarshe ba, kuma ya duba fuskokin manya ya ga babu mai niyyar gudu. Dukkan dabarar da zan faɗa ɗaya ce: a mayar masa da wani ɓangare na ludayin.

Mafi sauƙi a fara tun a gida. Wasan gaba ɗayansa yana YouTube. A kunna masa da ƙaramin sauti, a ba shi abin ƙara murya a hannunsa, shi zai ɗaga shi zai sauke. Ya gani sau da yawa har ya haddace inda ake tashi da inda ake lafawa. Kuma don Allah kada a yi masa ƙaryar nan tamu ta "babu komai, ba ya ƙara." Yana ƙara. A ce masa, "Zai yi dum da ƙarfi, za ka ji har a cikinka, amma yana can sama, ba ya saukowa." Yaron da aka yi wa ƙarya a harbin farko ba zai sake yarda da maganarka ba har a gama.

Sai marufin kunne, irin wanda kuke gani a kan ma'aikatan filin jirgin sama masu yi wa jirgi jagora, amma na yara. Nagarinsa yana rage desibel ashirin da wani abu, kuma ana rubuta adadin a jikin kwalin. Gwaggo ta riga ta zaro auduga daga jaka, na gan ta. Mayar da ita, Gwaggo. Auduga ba ta tare wani abin kirki, sai dai ta kwantar wa wanda ya cusa ta hankali. Ɗan soson da manya ke murzawa su tura a kunne shi ma ba na ƙananan yara ba ne: bai cika zama daidai ba, kuma ɗan shekara biyu da ya zaro shi baki zai kai. Shi kuma ɗan bokon gidan da ke nuna mana hedifon ɗinsa mai tsada mai kashe hayaniya, a gaya masa wancan gwaninta ce a kan gurnanin da ba ya yankewa, irin na injin jirgi. Ƙarar da ke faɗowa farat ɗaya ba fagensa ba ce. Marufi mai kauri da laushin baki ya fi shi, ga araha.

Amma sayen marufi daban, sa shi daban, kuma a nan ne akan yi asarar kuɗin. Aikinsa duka ya dogara ne da bakinsa ya manne da fatar da ke kewaye da kunne, babu kafa. Yanzu dubi 'yarki ranar fita: an yi mata kitso mai tudu, an jera duwatsu a jelar kowane ɗaya, an sa 'yan kunne masu lilo, an ɗaura ɗankwali ya rufe rabin kunne. Kika ɗora marufi a kan wannan duka, ado kika ƙara mata. Jelar kitso ɗaya da ta ratsa ƙarƙashin bakin ta isa ta buɗe wa sauti hanya. A tura gashin baya, a cire 'yan kunnen, a sa marufin a kan kunne tsirara, in ya so a mayar da ɗankwalin ko hijabin daga sama. Haka hular namiji, haka hannun tabarau mai kauri. Ki sa yatsa ki zagaya bakin, in kin ji inda ya ɗaga ki gyara. Kuma kada ranar ce farkon haɗuwarsu. Yaron da bai taɓa sa shi ba, aka danna masa a ka cikin duhu da cunkoso, fizge shi zai yi ya jefar, ku koma kuna lalube a ƙarƙashin ƙafafun Turawa. Ya saba da shi tun a gida, lokacin da aka tayar da janareta ko ake markaɗe. Ya zaɓi launinsa da kansa. A sa masa kafin a rage fitilu, ba bayan ya riga ya firgita ba.

Jarirai kuwa akwai nasu mai ɗamara mai laushi, don kada a matsa wa maɗiga. Amma in don ta ni ne, jariri ba shi da abin da ya ajiye a gaban fada da daddare. Ba zai tuna ba, hoton ma barci ko kuka zai fito yana yi.

Marufi ba ya hana bugun da ake ji a ƙirji, wannan ta jiki yake shiga. Maganinsa yana gidan kowace Bahaushiya tun kafin a haifi Walt Disney a 1901: goyo. Yaro a manne a baya, an tamke da majanyi, kunnensa ɗaya a jikin uwa, in ya so ya leƙa in ya so ya ɓuya. Ku kuma iyaye maza da kuke ɗaga shi sama ku ɗora a wuya wai ya fi gani, kun raba shi da duk abin da zai riƙe, kun miƙa shi ga sararin da yake tsoro, sannan kun tare wa na baya kallo. Ka zauna, ka ɗora shi a cinya, bayansa a ƙirjinka, ka zagaye shi da hannu. Babbar riga ma ta yi rana.

Yanzu wurin tsayawa, kuma a nan za mu ɓata da Alhaji. Kowa gaban fada yake so, don nan ake ganin hotunan da ake haskawa a jikinta da wadda ke shigar Tinker Bell tana sulalowa a kan waya daga can sama. Nan ne kuma cunkoso ya fi muni. Masu wayo sukan ce bari su zagaya bayan fada, ɓangaren Fantasyland, tun da babu mutane sosai. Akwai dalilin da ya sa babu mutane: ka matso kusa da inda ake harbawa, wasu ƙananan ma daga rufin gine-ginen da ke kewaye da kai suke tashi. Ka gudu daga cunkoso ka faɗa bakin bindiga.

Baya za a ja, ba gaba ba. A sarari, duk lokacin da ka ninka nisanka da tushen ƙara, tana raguwa da kamar desibel 6. Ƙarshen titin Main Street, wajen tashar jirgin ƙasa, ana hango fadar sosai, ƙofar fita na bayanka, shaguna na gefenka in ana son a shige a huta. Wanda ya fi wannan ma yana wajen dandalin ɗungurungum, a ƙetaren tafkin Seven Seas Lagoon: bakin ruwan otal ɗin Polynesian, inda suke sako kiɗan wasan ta lasifika, ko wajen da ake hawa jirgin fito. A ranakun manyan bukukuwa akan keɓe bakin ruwan ga masu masauki a otal ɗin, sai a bincika tukuna. Gaskiya ne daga can ba za a ga zanen jikin fada da kyau ba. A madadinsa yaro ya sami yashi, ya sami wurin miƙe ƙafa, ya ga wutar sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a ruwa.

Kuma nisa na zuwa da wata kyauta. Haske na isowa nan take, sauti kuwa yana tafiyar kamar mita 340 a sakan ɗaya, wato kusan sakan uku a kowace kilomita. Daga ƙetaren tafkin, da ya fi kilomita ɗaya, sai ka ga furen wuta ya buɗe shiru, sannan ƙarar ta biyo baya tana jan ƙafa. To ga wasa ya samu. "Ga shi can ya buɗe! Mu ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu..." Dum. Yaron da ɗazu ƙara ke faɗo masa ba sallama, yanzu shi ke jiran ta, har yana yi mata faɗa in ta makara. Idan ya ɗan tasa, ka ƙara masa da cewa jan nan gishirin sitirontiyam ne, koren na bariyam, shuɗin kuma tagulla ce ke ba da shi. Ka lura ma, waɗanda suka fi kowanne ƙara sau da yawa ba su da wani launi, farin walƙiya ne kawai, don ƙarar aka yi su. Kyan daban, tsawar daban.

Wani abu da masu zuwa daga gida ke mantawa: agogo. Lokacin wasan na sauyawa da yanayin shekara, amma a ce ƙarfe tara na dare ne. A watannin dogon hutu, tara na dare a Orlando biyun dare ne a Kano. Ka sauka jiya, yau ka tsayar da ɗan shekara uku cikin taro a lokacin da jikinsa ke cewa tsakar dare ne, ka yi mamakin ya yi kuka. Ko kai aka tasa da biyun dare aka harba maka bindiga ba tafi za ka yi ba. A bar wasan wuta sai kwanakin ƙarshe, ranar kuma a tabbata ya yi barcin rana ya ci abinci.

Abu mafi wuya ga manya shi ne alkawarin fita. Ka ce masa tun da rana, "In ka ji ba ka so, ka ja hannuna sau biyu, mu tafi." Idan ya ja, ku tafi. Ba "saura kaɗan" ba, ba "bari a gama wannan" ba. Na san zuciyarka na ƙirga daloli. Amma yaron da ya tabbata ƙofa a buɗe take yakan daure fiye da wanda ya san an kulle shi, kuma wanda aka fitar yau a minti na uku yakan nemi a koma gobe. Wanda aka danne har ƙarshe kuwa, shekara mai zuwa daga jin kiɗan zai fara kuka. In ma ya daure, mintunan ƙarshe su ne mafi tsanani, nan ake juye duk abin da ya rage a lokaci ɗaya. Mai ficewa kafin nan ya tsira da kunnen yaro, ya kuma riga dubban mutane isa layin jirgin fito, su da za su tsaya da yara masu barci a kafaɗa suna harare-harare.

"To in haka ne a bar shi a masauki mana, wa ya ce dole?" Malam, yau dai ka faɗi gaskiya, a rubuta ranar. Babu dole. Yaro bai rasa komai ba don bai ga wasan wuta yana ɗan shekara uku ba, kuma da yawansu da kansu suke wuce wannan tsoron. Masu shirya wasannin ma sun fara gane cewa ana iya ƙawata sama ba tare da tsawa ba: a 2024 an yi wasan ƙananan jirage marasa matuƙa guda 800 a Disney Springs, nan kusa, suna zana siffofi da fitilu. Amma in yayyensa za su je shi kuma yana kukan sai an tafi da shi, ka ga dole a san dabara.

Gwaggo ta ce a tofa masa addu'a kafin a fita. A tofa, Gwaggo, ni ma zan ce amin. Sai a ɗora marufin a kai. Idan kuma kin lura ba wasan wuta kaɗai ba ne, yaro na toshe kunne don ƙarar cokali a faranti ko zubar ruwan famfo, ko ya kwana yana cewa kunnensa na ƙugi bayan an dawo, wannan na likitan kunne ne, ba na faɗa ba. Akwai cibiyar ƙasa ta kula da lafiyar kunne a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen.

Saura kai, Alhaji. Na ga yadda kafaɗarka ke tsalle duk lokacin da aka saki babba, kana wayancewa da gyara hula. Marufin nan akwai na manya, kuma baƙi ne, ba ya ɗaukar ido. Ka sayi biyu. In wani ɗan garinku ya hango ka da shi a ka, ka ce na yaro ne kake gwada masa.